Wurin da Wali Ya Ajiye

Duk wanda ya taso a Dungam ya san Samad Ganai, in bai san fuskarsa ba ya san takunsa. Ƙafa ɗaya ta taka, ɗayar ta ja ƙasa, sanda ta biyo baya. Bayan sallar asuba zai tsaya wurin mai gasa gurasa ya karɓi guda biyu, ya bi gefen rafi ya koma gidansa na katako da ke ƙarshen gonakin shinkafa. Gurasa ɗaya ke isarsa. Ta biyun ta Fazi ce, matarsa, wadda ta rasu hunturu uku da suka wuce, amma har yau bakinsa ya kasa cewa a ba shi ɗaya. Kaji ne ke cinye ta.

Yana da ɗa guda, Mushtak, can a birnin Srinagar. Duk Juma'a yakan bugo waya ya tambayi ko Baba ya ci abinci, Baba ya ce ya ci, shi ke nan hira ta ƙare. Ya taɓa ɗaukar tsohon ya kai shi birni don ya yi hunturu a ɗaki mai ɗumi. Kwana goma sha ɗaya Samad ya yi ya ɗaure kayansa, ya ce gidan da ba a jin ƙarar ruwa ba ya iya barci a cikinsa.

Sana'arsa saƙar kangri, ɗan kaskon garwashin nan da ake yi wa kwando a rungume shi a cikin feran, babbar rigar nan mai kauri, lokacin sanyi. Yana zaune a baranda da tsumagu jiƙaƙƙu a gefensa tun hantsi har rana ta faɗa bayan duwatsu. Amma ba da wannan ya fara ba. Da ƙuruciyarsa mai kaɗe dun ne, wani ɗan itace mai ɓawo da ake fasawa a ci ƙwayar ciki. Itacen dun ga tsawo ga santsi, 'ya'yansa kuma ba sa saukowa sai mutum ya hau can ƙololuwa da doguwar gora ya yi ta dukan rassa. Ba uwar da ke so wa ɗanta wannan aiki. Samad kuwa a sama yake waƙa, don 'yan matan da ke tsinta a ƙasa su ɗaga kai.

A lokacin su huɗu ne: shi, da Wali Ratar manomi, da Lasa mai niƙa, da Halik tela. A wurinmu ba a cin abincin biki da ɗai-ɗai. Mutum huɗu ake zaunarwa a kan trami guda, babban farantin jan ƙarfe mai murfi, kuma ba a ɗage murfin sai an cika. To waɗannan huɗun tun gemunsu bai fito ba suke zama tare. Masu biki sun daina wahalar da kansu wajen raba su. Lasa ci gare shi kamar gara, Halik surutu, Samad tsokana, Wali kuma shi ne alƙali. Idan waza, mai girkin biki, ya kawo abin ƙarshe, wato gushtaba, ƙaton curin naman nan da aka kirɓa aka dafa cikin kindirmo, guda ɗaya ake ajiye wa kowane trami. Wali ke sa babban yatsa ya raba shi huɗu, kuma ko da ma'auni ka zo ba za ka sami wanda ya fi wani ba.

"Lasa, ɗauke idonka daga rabon mutane," haka yake cewa kullum. "Naka ga shi nan, ya ishi jaki."

Ranar da reshe ya karye da Samad yana da shekara talatin da biyu, Wali ne ya goya shi. Babu mota a ƙauyen a wancan zamani. Ya ratsa gonakin da aka girbe da shi a baya har bakin titi, tafiyar fiye da awa guda, yana zaginsa duk hanya don kada ya suma.

"Ɗan banza, ka mutu a bayana ka gani! Wallahi a rafi zan tsoma ka, in koma in cinye rabonka a bikin gidan su Jabar."

"Ka sauke ni, Wali, ƙashina..."

"Rufe min baki. Wa ya aike ka waƙa a kan reshe? Tsuntsu ne kai?"

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Daga ranar Wali ya raɗa masa Gurgu, kuma shi kaɗai ke da izinin kiransa haka.

Shekaru suka yi ta tafiya. Lasa ya rasu, bayan shekara biyu Halik ya bi shi. Sai ya zama duk biki Samad da Wali su zauna gefe da gefe a cike musu da duk wanda aka samu. Har aka zo bikin da ya ɓata komai, yau shekara bakwai ke nan.

Mushtak bai daɗe da auren 'yar wani mai fataucin darduma na birni ba. Sai ga surukin a wurin bikin, an kai shi ɗakin sama inda aka shimfiɗa wa manyan baƙi. A ƙasa, cikin rumfa, Samad da Wali sun zauna, an kawo musu mutum biyu, ana jiran butar wanke hannu. Mushtak ya zo ya durƙusa ya raɗa wa ubansa cewa surukinsa na sama, ya kamata su gaisa.

Samad ya dafa sanda ya miƙe. "Riƙe min wuri, yanzu zan dawo."

"Je ka," in ji Wali. Ya ciro kangrinsa daga cikin feran ya ajiye a wurin.

A sama kuwa mutum uku ne suka rage ba su sami na huɗu ba, har da surukin. Kafin Samad ya gama gaisuwa an kamo hannunsa an zaunar da shi, mai buta ya tsiyaya masa ruwa. Mutumin da ya wanke hannu a kan tramin surukin ɗansa, da wane ido zai tashi? Haka yake faɗa wa kansa har yau. Amma gaskiyar magana, ya ji daɗin dardumar, ya ji daɗin yadda attajiri ke ce masa "yayana". Ya ce a ransa ai Wali ba yaro ba ne, zai sa wani a wurin.

Wali bai sa kowa ba. Duk wanda ya matso sai ya ɗora hannu a kan kangrin ya ce wurin wani ne. Mutum biyun da ke tare da shi suka gaji suka koma wasu farantan. Aka ci tsire, aka ci haƙarƙari, aka kawo wannan aka kawo wancan, masu rabo suna tsallake shi. Aka raba gushtaba, aka shafa fatiha. Tramin Wali a rufe aka zo aka ɗauke shi, a gaban duk mazan Dungam. Ya ɗauki kangrinsa ya tafi gida da yunwarsa.

Washegari suka haɗu wurin mai gurasa, shagon cike da mutane.

"Wali, maganar jiya..."

"A'a, ranka ya daɗe! Yau kuma da talakawa ake gaisawa? Jama'a ku matsa, ku ba mutanen sama hanya."

Aka kwashe da dariya. Da Samad ya haɗiye ta, da magana ta ƙare a nan. Amma kunya ta hau masa kai, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ni na ce ka zauna da yunwa? Taurin kanka ne. Ƙaton mutum ba ya iya cin abinci sai an riƙe masa hannu!"

Wali ya dube shi, ya karɓi gurasarsa ya fita. Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

Fazi ta yi faɗa har ta gaji. "Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, Malam. Mutumin da ya goya ka? Gadar nan taku nawa ce?" Shi kuma ya ce ai ya je ba da haƙuri aka yi masa dariya, yanzu sauran Wali. Gidajensu na kallon juna, rafi ne kawai a tsakani da 'yar gadar katako, amma tsofaffin nan biyu suka mayar da ita kamar teku. A masallaci wannan ya tsaya dama, wancan hagu. A biki kowa ya nemi kusurwarsa. Da Fazi ta rasu, Wali ya zo, ya sa kafaɗa ya ɗauki makara tun daga ƙofar gida har maƙabarta bai yarda an karɓe shi ba, ya zuba ƙasa, ya juya ya tafi gida. Samad ya ga wannan, ya ce gobe zai haye gadar. Goben nan ita ce ta yi shekara uku.

Kaɗaici ba ranar rasuwa yake kama mutum ba, sai bayan 'yan zaman makoki sun watse. Samad ya san shi a ƙananan abubuwa. Ya dafa shayin gishiri ya ga ya yi yawa. Ya ji abin dariya a hanya ya rasa wanda zai kai wa. Da hunturu, in dusar ƙanƙara ta rufe hanya, yakan yi kwana biyu bai ji muryarsa ba sai a cikin sallah. Daga barandarsa yana hango hayaƙin gidan Wali, da shi yake gane sun tashi, da shi yake gane sun ɗora abincin rana.

Kakar bana ta zo da kyau. An girbe shinkafa an tara dami-dami a gonaki, ganyen itatuwan cinar ya yi ja, mata na share shi suna ƙonawa don gawayin sanyi. Kowace taga ta sha jeren barkono da yankakken duma ana shanyawa. Kan duwatsu ya fara fari. A irin wannan lokaci ake bukukuwa, sai ga wani ɗan garin, Subhan Lon, ya zo gayyatar auren ɗansa.

"Wali fa?" in ji Samad, idonsa a kan saƙa.

Subhan ya ce, "An gaya wa gidan, Baffa."

Tun lokacin da tuffa ta yi fure Samad bai ga Wali a masallaci ba. An ce ciwon gwiwa ne. Ya lissafa shekarunsu, ya ga in bai zauna da Wali a wannan biki ba, ba lallai su ga wani ba. Ya yanke shawara: zai je da wuri, ya riƙe wa Wali wuri a gaban kowa, yadda aka yi masa. In ya so Wali ya yi masa dariya, ya zage shi, duk ya ɗauka.

Ranar biki tun hantsi ake jin gudumar masu kirɓa nama har bakin rafi. Samad ya sa sabon feran, ya shiga rumfa kafin kowa, ya zauna kusa da ƙofa inda mai ciwon gwiwa ba zai sha wuya ba. Ya ciro kangrinsa ya ajiye a hagunsa.

Rumfa ta cika. Aka shimfiɗa farin ƙyalle, masu buta suka fara zagayawa. Duk wanda ya ɗaga labule sai gaban Samad ya faɗi. Rashid, ƙanin Subhan, ya zo da samari uku abokan aikin ango daga birni. Biyu suka zauna, na ukun ya tsaya yana kallon kangrin.

"Wurin wani ne," in ji Samad.

"Na wa, Baffa?"

"Na Wali Ratar."

Rashid ya sosa ƙeya, ya dubi na kusa da shi, kowa ya sunkuyar da kai. "Baffa, ba na jin zai zo. A taimaka, waza na jira, baƙi ne."

"A ɗan ƙara."

Aka ɗan ƙara. Aka ɗage murafu a ko'ina, ƙamshi ya tashi, tasu na rufe. Saurayin na tsaye yana duba agogo. Idanu suka yi ta juyowa, wasu da tausayi, wasu da gulma. Gumi ya karyo wa Samad a cikin sanyin nan. Bai fi minti goma ba ya ji ba zai iya ba, ya miƙa hannu ya ɗauke kangrin. A nan ne ya san nauyin abin da Wali ya ɗauka, shi da ya yi awa biyu cur a haka, tun daga buta har fatiha, don kawai an ce masa "yanzu zan dawo".

Samarin ba su da laifi. Sun ce masa bismillah, suka koma hirar ofishinsu. Da gushtaba ya zo, ɗayansu ya nemi cokali ya yanka shi, wani ƙato wani ɗan mitsitsi. Samad bai ci nasa ba. Ya sa shi a 'yar jakar da ake bai wa kowa don na gida, ya yi wa Subhan Allah ya sanya alheri, ya fita. Bai nufi gidansa ba. Ana kiran la'asar ya taka gadar, katakon na amsa sandarsa.

Dilshada, matar ɗan Wali, tana tsakar gida tana zura barkono a zare. Da ta gan shi sai allurar ta faɗi.

"Baffa Samad!"

"'Yar nan, yana ciki?"

Ta sa gefen mayafi ta rufe baki. "Ba mu so a sani ba, Baffa. Ba gwiwa ba ce. Gigin tsufa ne, tun bazara. Ni kaina wani lokaci sai ya tambaye ni 'yar wace ce. Abinci kuwa sai mun yi da gaske, kullum da sauran magana."

"Wace magana?"

"Shiga ka gani."

Wali na zaune a ɗakin ƙasa, ya jingina da bango, feran ya yi masa yawa. A gabansa ga faranti an rufe da kwano, abincin rana ne da bai taɓa ba. A damansa, a kan tabarma, ga wani tsohon kangri babu wuta a ciki. Samad ya gane saƙar, aikin hannunsa ne.

Ya yi sallama. Wali ya amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙo. Samad ya jingine sanda, ya lallaɓa zai zauna a damansa, inda ya zauna shekara arba'in da wani abu. Sai hannun Wali ya sauka a kan kangrin.

"Yi haƙuri, bawan Allah. Wurin wani ne."

"Wali, ni ne."

"Wurin Samad ne. Ya hau sama gaida surukin ɗansa, yanzu zai dawo. Zauna can, akwai wuri."

"Ni ne Samad ɗin, Wali. Dube ni. Gurgunka ne. Na zo ne in ce ka yafe min."

Wali ya ƙura masa ido, ya duba farin gemun, ya duba ramammiyar fuskar, sai ya yi 'yar dariya. "Kai dattijo, ka cika ban dariya. Samad ai ba tsoho ba ne haka. Kuma me ya yi min da zan yafe? Gaisuwa kawai ya je."

Daga bakin ƙofa Dilshada ta ce a hankali, "Kullum haka ne, Baffa. Ba mai taɓa kangrin nan. In mun ce ya ci, sai ya ce a jira ka."

Samad ya tsaya da jakar a hannu. Shekara bakwai yana tanadin kalmomin nan, ya kawo su, babu wanda zai karɓa. Ya zagaya ya zauna a ɗaya gefen farantin, inda Lasa kan zauna. Ya buɗe jakar, ya ɗage kwanon, ya ɗora ɗan yankin gushtaban a kan shinkafar da ta huce.

"Samad ne ya aiko ni da wannan," ya ce. "Ya ce ka fara, kada ka zauna da yunwa saboda shi."

Fuskar Wali ta washe. "Ka gani? Na ce musu bai manta da ni ba."

Ya sa babban yatsa a kan ɗan naman nan da bai fi loma biyu ba, ya raba shi huɗu daidai wa daida. Ya tura wa baƙo ɗaya. Ya ɗaga kai ya ce wa Dilshada, "Ke 'yar nan, zo ki cike mana." Ta zo ta durƙusa tana share ido, ya tura mata ɗaya. Ya ɗauki nasa ya kai baki, ya bi da shinkafa, loma ɗaya, biyu, uku. Na huɗun ya matsar da shi gefen faranti, saitin kangrin.

"Wannan kada wanda ya taɓa."

Tun daga ranar, mutanen Dungam suna jin takun nan a kan gada kullum da azahar. Samad yakan zo da gurasar nan ta biyu a cikin feran, ya yi sallama, a amsa masa kamar baƙo, ya zauna a wurin Lasa ya ce Samad ne ya aiko shi. Wali ya ci. Wani lokaci yakan ba baƙon labarin wani abokinsa mai waƙa a kan itace, wanda ya taɓa goyawa har bakin titi, ga nauyi kamar buhun shinkafa. Baƙon ya saurara har ƙarshe.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka a ƙauyen, Wali ya daɗe yana kallon taga, hannunsa a kan kangrin.

"Ya daɗe fa," ya ce.

"Ya daɗe," in ji Samad.

"Kada ka ga laifinsa. Gurgu ne, matakala na ba shi wuya." Ya gyara wa kangrin zama. "Amma zai zo. Ya ce min yanzu zai dawo."